Yadda Ake Gyara Turancin Takardar Bincike Kafin a Aika wa Mujalla

Likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko malamin makarantar koyon aikin jinya ta garin, ko ɗan Gwaram da ke koyarwa a Jami'ar Tarayya ta Dutse, duk wanda ke neman ƙarin girma a cikinsu sai ya buga bincike, kuma editocin mujallu kan dawo da takarda su ce a gyara Turanci. Da yawa sukan ruga neman mai goge nahawu. A ganina nahawu shi ne aikin ƙarshe, wanda ya fara da shi kuwa ya shafa fenti ne a katangar da ba a gama ginawa ba.

Aikin farko ba ya buƙatar Turanci ko kaɗan. Mai bincike ya zaunar da abokin aikinsa, ya faɗa masa da Hausa, cikin jimla biyu, abin da ya gano da dalilin da zai sa wani ya damu da shi. In ya kasa, tunanin ne bai nuna ba, kuma babu gwanin Turancin da zai nunar masa da shi. In ya iya, sai a duba tsari: gabatarwa, hanyar bincike, sakamako, tattaunawa, kowanne a muhallinsa, kada ra'ayi ya kutsa cikin sakamako. Mai binciken lafiya ya auna takardarsa da jerin STROBE na 2007, mai abubuwa 22, ko CONSORT idan gwajin magani ya yi.

Daga nan a tuna da mai karatu na nesa, kuma nan ne namu suka fi asara. A ce binciken kan haihuwa a gida ne a ƙauyukan Gwaram. Mai tantancewa a Indiya ko Ingila mai yiwuwa bai san aikin ungozoma ba, bai taɓa jin wankan jego ko kunun kanwa ko yankan gishiri ba. Dole a bayyana kowanne sau ɗaya, a sarari, sannan a riƙe suna ɗaya har ƙarshe, domin wanda ya kira rukunin mata ɗaya da sunaye uku zai sa a ɗauka rukuni uku ne. Haka a faɗi inda wurin yake da watannin damina, tunda alƙaluman zazzaɓin cizon sauro na Agusta ba ɗaya suke da na Fabrairu ba.

Sai yanzu a shiga jimloli. A karanta takardar da murya; duk jimlar da ta ƙure numfashi a raba ta. A kakkaɓe manyan kalmomin da aka saba burge malami da su a sakandare. Abin da aka riga aka yi a rubuta shi a lokacin da ya shuɗe, a kuma sa ido kan ƙananan kalmomin da Turanci ke sawa gaban suna, waɗanda Hausa ke sarrafa aikinsu ta wata hanya. Mai gyara ya kunna alamar bin canji a Word, marubuci kuma ya bi canje-canjen ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ɓata lokaci ba ne: mai gyaran da ya mai da "yana da alaƙa da" ya koma "yana haddasa" ya canja kimiyyar gaba ɗaya, kuma sunan marubuci ne a kai. A gwada kowane adadi na taƙaitawa da na jadawali.

Wani zai ce ai kamfanoni irin su Elsevier da Wiley suna wannan aiki. Gaskiya ne, amma da dala ake biya, kuma takardar shaidarsu ba ta tilasta wa edita karɓa. Masu karatu biyu, ɗaya gwanin fannin ɗaya malamin Turanci, sukan wadatar. Wani kuma zai ce ChatGPT ya gama magana. Yana gyara nahawu da kyau, ban musa ba, sai dai yakan ƙaga madogara, kuma tun 2023 kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya ce ba a sa shi cikin marubuta kuma dole a bayyana amfani da shi. Bayanan marasa lafiya kuwa kada a zuba masa su. Masu ganin neman gyara maguɗi ne su sani cewa ƙa'ida ta yarda, muddin an ambaci mai gyaran a sashen godiya.

Ƙarshe a buɗe umarnin mujallar da aka nufa, ko Annals of African Medicine ta Sakkwato ko Nigerian Journal of Basic and Clinical Sciences ta Kano, a bi adadin kalmomi da tsarin madogara, a zaɓi rubutun Ingila ko na Amurka kada a gauraya. Mujallar da ta yi alkawarin bugawa cikin mako guda in an biya kuɗi, a bar ta.