Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa miki ke ƙin jin magani?

Malama Hadiza daga Gusau ta aiko mana cewa an yi wa ƙanwarta tiyatar haihuwa, wurin ɗinkin ya yi ruwa, an canza mata magani har sau biyu bai warke ba. Tana tambaya ko maganin jabu ne.

Malama Hadiza, Allah ya ba ta lafiya. Jabun magani akwai shi, amma sau da yawa ƙwayar cutar ce ta bijire. Bijirewa na nufin ƙwayar bakteriya ta sauya har maganin ya daina kashe ta.

Wadda ta fi shiga miki ita ce istafilokokas. Tana zaune a fata da cikin hancin mutane da yawa lami lafiya, sai an yanka fata ta sami ƙofa. A Ingila aka fara ganin irinta mai bijire wa maganin metisilin, a shekarar 1961, jim kaɗan bayan fitowarsa. A asibiti kullum cikin ba da magani ake, raunanan ƙwayoyi su mutu, masu bijirewa su hayayyafa, su bi hannu da almakashi da zanin gado daga wannan majinyaci zuwa wancan.

Ku nemi likita ya ɗebi mugunyar a kai ɗakin gwaji. Cikin kwana biyu ko uku za a san maganin da ke kashe ta. Don Allah kada a fasa kafso a barbaɗa a mikin, wannan ɗabi'a tana damuna ƙwarai. Mai wanke mikin ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa. In zazzaɓi ya taso ko kumburi ya ƙaru, a koma asibiti a ranar.