Safar hannun mai keke a sanyin Turai: bushewa ta fi kauri

Wanda ya tashi a Suleja ya san sanyi iri ɗaya ne, wato hunturu. Iska ce busasshiya mai ƙura, ta fasa leɓe, ta sa kaushi a dunduniya, ɗan acaba ya fito da asuba a hanyar Madalla da hular sanyi da safar ulu, hantsi na dubawa ya cire su ya cusa a aljihu. Ko a tsakiyar Janairu ma'aunin zafi ba ya kusantar sifili a gindin Dutsen Zuma. Da wannan sanin ne ɗan'uwanmu ke sauka a Manchesta ko Gilasgo, ya sayi keke don zuwa makaranta, ko kai abinci gidaje, ko kuma abokai su ja shi hawan tsauni a Peak District ranar hutu. Sai ya shiga kanti ya zaɓi safar hannu mafi kauri, domin a gida kauri ne maganin sanyi. A can kuwa abin da ke kashe hannu ruwa ne da iska, don haka safar da za a nema ita ce wadda ke barin hannu a bushe, yatsu kuma su iya kama birki.

Dalilin a fili yake. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska kusan sau 25, kuma idan iska ta bugi jiƙaƙƙen ƙyalle sai ruwan ya riƙa tashi yana tafiya da sauran ɗumin. Mutumin garin da Ladi Kwali ta yi sunanta da ginin tukwane ba sai an yi masa dogon bayani ba: abin da ke sanyaya ruwan randa shi ne danshin da ke tsattsafowa ta jikinta iska tana ɗauka. Safar ulu ko ta auduga da ta sha yayyafin Ingila randa ce aka ɗaura wa hannu. Ga shi mai keke shi ke ƙirƙirar iskarsa, musamman a gangara, inda hannu ke gaba yana karɓar bugun farko alhali ba ya motsi kamar ƙafa. Jiki kuwa idan ya ji sanyi yakan rage jinin da ke zuwa yatsu don ya kare ƙirji. Yatsa ya mutu, birki ya ƙi jawuwa a kan lokaci, a hanyar da ke cike da laka da saiwoyi da duwatsu masu santsi.

Safar kirki hawa uku ce. Na waje yana tare iska, na tsakiya wata siririyar fata ce mai ƙananan ƙofofi da ɗigon ruwa ba ya iya ratsawa amma tururin gumi yana fita, na ciki kuma shi ke riƙe ɗumi. Wannan fata ta tsakiya ta samo asali ne daga abin da Bob Gore ya gano a Amurka a 1969, wanda ake sayarwa da sunan Gore-Tex, kuma kamfanoni irin su Sealskinz na Ingila suna da tasu. Na ciki galibi Thinsulate ne ko PrimaLoft, zaren roba da ba ya rasa ɗuminsa gaba ɗaya idan ya yi danshi. A karanta takardar da ke jikin safar da kyau, domin wadda aka ce tana jure yayyafi daban take da wadda aka ce ruwa ba ya shigarta, kuma ta farkon ba ta kai mutum gida a ruwan awa guda. A duba wuyanta ya zama dogo, a kuma tura shi ƙarƙashin hannun rigar ruwa, in ba haka ba ruwan da ke gangarowa daga kafaɗa zai cika ta daga sama.

Gwaji a kanti ya fi duba hoto a intanet. A sa safar, a dunƙule hannu kamar an riƙe kan keke, a ga ko bakin yatsu yana tokare ɗinki. Idan ta matse, ta hana jini gudu, sanyinta ya fi na rashin safa ciwo. A miƙa manuniya kamar za a ja birki, a taɓa madannin giya da babban yatsa. Sannan a zare hannu a hankali a gani ko shafin ciki zai biyo yatsu ya juyo waje, domin wanda ya taɓa ƙoƙarin mayar da shi da jiƙaƙƙen hannu a bakin hanya ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Tun da ana maganar birki, a lura cewa a Ingila na gaba yana hannun dama, a Amurka da Kanada kuwa yana hagu.

Wani zai ce safar da ke tare ruwa tana tara gumi, hannu ya jiƙe ta ciki, to ina amfanin? Akwai gaskiya a nan, musamman wajen hawan tudu. Amma gumin da ke bayan shingen iska ɗumi gare shi, ruwan sama kuwa sabon sanyi yake kawowa kowane minti. Maganin shi ne kada a sayi wadda ta fi ƙarfin yanayin garin, a kuma riƙe ta biyu busasshiya cikin leda. Wasu mahaya sun fi son safar niyofirin, irin ta masu nutso a teku, wadda ke barin hannu ya jiƙe amma ya ɗumama. Tana aiki muddin ana tafiya, da an tsaya sai sanyi ya kama, don haka ba ta dace da mai jiran oda a ƙofar gidan abinci ba. Haka nan wanda ya yi alwala ya goge hannu sarai kafin ya mayar da safa.

Wani kuma zai ce tsada, ga gwanjon kasuwar IBB ta Suleja da ya zo da shi daga gida. Sabon zuwa yana lissafin fam da naira, kuma ba a ga laifinsa ba. Sai dai kantuna irin su Decathlon suna da masu sauƙin kuɗi da ke tare ruwa, kuma yini ɗaya da aka rasa aiki saboda faɗuwa ya fi kuɗin safar. Batun juriya ma bai taso ba ga mai cutar sikila, wadda ta yawaita a cikinmu, domin sanyi da jiƙewa suna daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon.

Wanda ƙaddara ta kai Kanada lissafinsa daban ne, saboda can sanyin busasshe ne amma mai tsanani. Hukumar yanayi ta ƙasar ta yi gargaɗin cewa idan sanyi da iska suka kai digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. A irin wannan wuri sai safar da ke haɗa yatsu biyu-biyu, ko aljihun da ake ɗaurawa a kan keken hannu ya shige ciki. Idan yatsa ya yi fari ko toka-toka ya daina ji, a ɗumama shi da ruwa mai ɗumi, kada a murza, kada a kanga a hita, a kuma nemi likita.

Ɗan'uwa, ka sayi safarka tun watan Oktoba, kafin ruwan farko na damunar sanyi ya same ka a hanya.