Matti Nykänen: Nazarin Rayuwar Wani Gwanin Tsallen Ƙanƙara

Gabatarwa

Wannan ɗan nazari zai duba rayuwar Matti Nykänen ne, mutumin ƙasar Finland, wanda aka haifa a 1963 ya rasu a 2019, kuma masana wasanni da dama suke sa shi a sahun gaba cikin duk waɗanda suka taɓa yin tsallen ƙanƙara. Mutumin ya yi kimanin shekara goma yana tashe a fage. Bayan nan ya yi kusan shekara talatin jama'ar da suka yi masa tafi suna kallon lalacewarsa, suna kuma biyan kuɗi domin su kalla. Wannan kashi na biyu shi ne ya fi damun mai wannan rubutu. To amma ba za a gane girman faɗuwar ba sai an san tsawon inda aka faɗo, don haka tilas mu fara da bayanin wasan kansa, tun da yake yawancin masu karatu ba su taɓa taka dusar ƙanƙara ba.

Yadda Wasan Yake

A ƙasashen arewacin Turai, inda dusar ƙanƙara take rufe ƙasa wata da watanni, mutane sun daɗe suna ɗaura wasu dogayen katakai biyu marasa faɗi a ƙafa, su riƙa zamiya a kansu domin tafiya da farauta. Daga nan ne mutanen Nowe suka ƙago wasan tsalle a ƙarni na 19, aka kuma sa shi cikin gasar Olamfik ta hunturu tun daga ta farko a 1924.

Akan gina wata doguwar hasumiya a kan tsauni, da gangara mai santsi da ta sauko daga ƙolinta. Ɗan wasa zai tsuguna a kan katakansa ya gangaro, kafin ya kai bakin gangarar gudunsa ya kai wajen kilomita 90 a sa'a. Da isarsa bakin sai ya zabura ya miƙe, ya kwantar da jikinsa gaba a kan katakan, iska ta ɗauke shi har ya dira can ƙasa a gefen tsaunin. Ana auna nisan da ya ci, sa'an nan alƙalai biyar su ba da maki a kan kyawun tafiyarsa a iska da yadda ya dira. Kowane alƙali ba ya wuce maki 20, kuma akan zubar da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta. Dirar da ake so ita ce ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwoyi a lanƙwashe, hannuwa a buɗe. Zagaye biyu na tsalle akan yi a gasa. A zamanin Nykänen ana kiran ƙaramin tsauni mai mita 70, babba kuma mai mita 90, akwai kuma wasu manya ƙwarai 'yan kaɗan waɗanda tsalle a kansu ake ce masa tashi.

Abin lura a nan shi ne duk gwanintar ta taru a wannan zaburar ta bakin gangara, wadda ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Wanda ya yi gaggawa ya yi hasara, wanda ya yi jinkiri ma haka. Aikin shekara da shekaru yakan tashi a banza a ƙiftawar ido.

Tashensa

An haifi Nykänen ranar 17 ga Yuli, 1963 a garin Jyväskylä da ke tsakiyar Finland. Yana ɗan shekara takwas ya fara tsalle a tsaunin Laajavuori na garinsu. Karatu bai dame shi ba. A tsauni yake wuni, yana hawa yana sauka, yana maimaita tsalle fiye da tsararrakinsa. Siririn yaro ne mara nauyi, kuma wannan ƙira ta dace da wasan. Ya ci gasar matasa ta duniya a 1981. Shekara ɗaya bayan haka, yana da shekara 18, ya ci gasar duniya ta manya a babban tsaunin Holmenkollen da ke Oslo, a wata rana da hazo ya yi kauri har 'yan kallo ba su iya ganin masu tsallen sosai.

Daga nan sai nasarori suka yi ta biyo juna. Ya ci gasar Tsaunuka Huɗu, wadda ake yi a Jamus da Ostiriya daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu, a kakar 1982/83, ya sake ci a 1987/88. A Olamfik ta Sarajevo a 1984 Jens Weissflog na Jamus ta Gabas ya kayar da shi a ƙaramin tsauni, shi kuwa ya rama a babba da ratar maki 17.5, wadda a wannan wasa tazara ce mai yawan gaske. A 1985, a Planica (a lokacin tana cikin Yugoslabiya, yanzu kuwa Sulobeniya), ya tashi mita 191, nisan da ba wanda ya taɓa kaiwa kafinsa, ya kuma zama zakaran duniya na tashi. Ya ɗauki Kofin Duniya sau huɗu, watau 1983 da 1985 da 1986 da 1988, ya ci gasa ɗaiɗai har 46 a cikinsa, adadin da ba a wuce ba sai a 2013, sa'ad da Gregor Schlierenzauer na Ostiriya ya wuce shi.

Ƙolin abin shi ne Olamfik ta Calgary a Kanada a 1988. A can ya kwashe zinariya uku: ta ƙaramin tsauni, da ta babba, da ta ƙungiya tare da 'yan ƙasarsa. Kafin shi ba mai tsallen da ya taɓa cin tsaunukan biyu duka a Olamfik guda.

Ya kamata mai karatu ya san matsayin irin wannan nasara ga mutanen Finland. Ƙasa ce da a lokacin mutanenta ba su cika miliyan biyar ba, wadda ta sami 'yancin kanta daga Rasha a 1917, kuma tun zamanin Paavo Nurmi, gwanin tseren nan na shekarun 1920, da wasanni take nuna wa duniya cewa tana nan. Saboda haka yaron da bai cika shekara 25 ba aka ɗora wa martabar ƙasa. Tun yana cikin tashe an san yana shan giya fiye da kima, har an taɓa mayar da shi gida daga tsakiyar gasa a kan haka. Amma muddin yana dawowa ya ci, sai a yafe, a sake ba shi tuta. A ganina a nan ne aka fara cutarsa, domin an koya masa cewa nasara tana wanke kowane laifi, alhali kuwa nasarar tana da ranar ƙarewa.

Sauyin Salo

Ranar ta zo da wuri, kuma ba tsufa kaɗai ya kawo ta ba. Nykänen da tsararrakinsa sun koyi tashi ne da katakai a jere, ɗaya dab da ɗaya, kuma wannan shi ne abin da alƙalai suke ɗauka kyakkyawa. Sai wani ɗan Suwidin, Jan Boklöv, ya zo da wani salo na ware kawunan katakan, gindinsu a haɗe, kamar harafin V. Alƙalai suka riƙa rage masa maki suna ganin abin muni ne, amma da yake salon yana sa iska ta fi tallafar mutum, nisan da yake ci ya rufe abin da aka rage, har ya ɗauki Kofin Duniya a 1989. Cikin shekara uku kowa ya koma can. Nykänen ya sami azurfa a gasar tashi ta duniya a 1990, daga nan ƙarfinsa ya ja baya, ya bar fage a farkon shekarun 1990 bai kai shekara talatin ba. A Olamfik ta 1992 wani yaro ɗan ƙasarsu mai shekara 16, Toni Nieminen, shi ya ci babban tsauni da sabon salon. Ƙasa ta sami sabon gwani.

Bayan Fage

Mutumin da tun yana ɗan shekara takwas bai san wata sana'a ba sai tsalle, bai da abin sayarwa sai sunansa, kuma masu saye ba su yi wuyar samu ba. Wasu 'yan kasuwa suka mai da shi mawaƙi. Faifansa na farko ya fito a 1992 ya kuma yi kasuwa ƙwarai, ko da yake ba wanda ya ce muryar ce ta sayar da shi. Ya riƙa yawon gidajen shaye-shaye yana waƙa, bashi ya yi masa katutu, lambobinsa suka fita hannunsa (daga bisani suka koma gidan adana kayan tarihin wasanni a Helsinki), har ta kai shi ga rawar tuɓe tufafi a gaban 'yan kallo domin kuɗi. Ya yi aure ya rabu sau da dama. Mujallun tsegumi suka mai da shi gonarsu, kowane faɗa da kowane maye labari ne, wani lokaci ma shi da kansa yake sayar musu.

Ga ɗaliban harshe akwai wani abin sha'awa a nan. Maganganunsa na shirme, waɗanda sau da yawa yakan cuɗa harshensu da Turanci a ciki, sun shiga bakin jama'a sun zama kamar karin magana. Alal misali ana jingina masa cewa damar samun nasara hamsin ce da sittin, maimakon hamsin da hamsin. Mutane suna maimaita irin waɗannan cikin raha da ƙauna, kuma wannan raha ta taimaka wajen rufe abin da ba na dariya ba ne.

Domin kuwa akwai waɗanda suka ji jiki a hannunsa. A 2004 ya daɓa wa wani abokin shansa wuƙa, kotu ta ɗaure shi wata 26. An sake shi a 2005, bai yi mako a waje ba aka sake kama shi da laifin dukan matarsa. A ranar Kirsimeti ta 2009 ya kai wa matar hari da wuƙa, aka yanke masa wata 16 a 2010. Duk wanda zai ɗora wa jaridu da 'yan kasuwa alhakin lalacewar Nykänen, kuma suna da nasu kason, kada ya manta da waɗannan mutane biyu. Ba jarida ce ta riƙe wuƙar ba. A tsakanin ɗauri da ɗauri, a 2006, aka yi fim a kan rayuwarsa, jama'a suka yi dafifi wajen kallo.

Abu ɗaya bai rabu da shi ba. A 2008, yana da shekara 44, ya shiga gasar duniya ta tsofaffin 'yan wasa a Taivalkoski da ke arewacin ƙasarsu, ya kuma ci zinariya a rukunin tsararrakinsa, a wani ɗan tsauni da bai kai rabin waɗanda ya saba ba. A shekarunsa na ƙarshe ya ci gaba da waƙa, an kuma gano yana da ciwon sukari. Ya rasu ranar 4 ga Fabrairu, 2019 a yankin Lappeenranta yana da shekara 55, aka kai shi Jyväskylä aka binne, garin da babban tsaunin tsalle na Laajavuori yake ɗauke da sunansa tun yana raye.