Rinin bakan gora a Kudu: abin da danshi ya koya wa dukawanmu

Duk wanda ya ratsa rumfunan Hausawa a bakin gadar Anacha, ko kasuwar Garki a Inugu, ko unguwar Diobu a Fatakwal, zai ga baka da kwari rataye tare da layu da jakunkunan fata. Masu saye iri-iri ne: mai neman adon falo, malamin makaranta da ke shirya ranar al'adu, da masu shirya finafinan ƙauye a Inugu da Asaba. Zaman Hausawa a waɗannan garuruwa ba na jiya ba ne, domin tun a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Sana'o'in hannu sun biyo sawun fatake, amma iskar da suka tarar daban take da ta gida.

Mai wannan rubutu baduku ne da ya koyi aiki a Kano, ya kuma daɗe yana rina fata da gora a Kudu. Kuskurensa na farko har yau yana ba yaran shagonsa labarinsa. Ya fere bakuna daga gorar da aka saro masa, ya shafa musu jan karan dafi, ya jingine su a lungu kamar yadda ake yi a kasuwar Kurmi ta Kano. Bayan 'yan kwanaki ya tarar fumfuna ta rufe su, jan kuma yana bin tafin duk wanda ya taɓa.

Dalili biyu ne. Na farko, ruwan saman Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, na Kano kuwa bai cika kai 1,000 ba, don haka abin da hunturu ke busarwa a yini guda a Arewa yana iya kwana da kwanaki a nan yana jiƙe. Na biyu yana jikin gorar kanta. Bayanta na da wata fata mai sulɓi, mai kaki da sinadarin silika, wadda ruwa ke zamewa a kai. Cikinta kuma akwai sitaci, abincin fumfuna da ƙananan ƙwarin da ke huda ta suna zubo da gari.

Saboda haka rini yana farawa tun kafin a jiƙa launi. A zaɓi gorar da ta ƙosa, mai shekara 3 zuwa 5, a tsaga ta, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, a bisa katako ba a ƙasa ba. Idan ta bushe sai ta yi sauƙi a hannu, korenta ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, in an ƙwanƙwasa ta yi ƙara ƙwal.

Sai batun kankara, inda mafi yawan bakuna ke mutuwa. Jijiyoyin da suka fi ƙarfi a gora suna kwance ne dab da fatar baya, kuma wannan gefen ne ke miƙewa idan an ja tsarkiya. Yaro mai gaggawa zai sa wuƙa ya kankare da zurfi don launi ya kama, ko ya shafe gaɓoɓin su yi lebur. Ran da aka ja bakan da ƙarfi, daga nan zai tsage. Samfefa mai laushi ta isa, a bi tsawon gorar, a tsaya da zarar sheƙin ya dushe. Haka ma babbaka: wuta kaɗan tana ba cikin baka launin ƙasa mai kyau, amma in ta taɓa baya sai ta mai da shi mai saurin karyewa.

Launukan kuwa gadonmu ne. Karan dafi, wato jan kuben wata irin dawa, shi ne ya rina fatun awakin Sakkwato da suka ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiransu fatar Maroko. Ana daka shi a jiƙa da ruwan toka ko 'yar kanwa, a tace, a shafa da tsumma siriri-siriri, a bar kowane shafi ya bushe kafin a ƙara wani. Sau uku na siriri ya fi sau ɗaya mai kauri. Baƙi kuwa sai an haɗa abu biyu. Fatar da aka jeme ta riga ta sha bagaruwa, shi ya sa kuloko ke baƙanta ta nan take. Gora ba ta da wannan, don haka a fara shafa mata ruwan bagaruwa, in ya bushe a bi da kuloko, ruwan da aka tsima ƙarfe a ciki. Mutum yana kallo launin zai juya daga toka-toka zuwa baƙi.

Gangamau na ba da rawaya mai haske, sai dai rana na cinye shi da wuri. Lalle na ba da ja-ja mai sanyi. A kasuwannin Anacha da Inugu kuma ana samun majigi, wanda Inyamurai ke kira uhie, kuma yana kama gora sosai. Shuɗi ne kaɗai mai wannan rubutu ke hana yaransa yi wa baka. Rinin baba sai an tsoma a ciro, a sake tsomawa, kamar yadda ake yi a marinar Ƙofar Mata ta Kano, kuma gorar da aka sha wahalar busarwa ba ta son wannan wanka. Gara a rina zare ko fatar mariƙi da shuɗi a naɗa.

Abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne gajerun hanyoyi. Wasu na shafa baƙin man mota don ya ba da duhu ya kuma kori ƙwari. Wannan mai yana ɗauke da guba, ba ya bushewa, kuma yara ne ke riƙe waɗannan bakuna a wasannin makaranta, su kai hannu baki. Wasu na fesa maganin ƙwari na Sniper a cikin shagon da suke kwana. Wasu kuma na dama galura da soda mai ƙuna da hannu tsirara, har fatar yatsu ta tsattsage. Galura ba haram ba ce a sana'a, amma tana son safar hannu, da fili mai iska, da kwanon da ba za a sake cin abinci a ciki ba. Ruwan da ya rage kada a zuba kusa da rijiya. Ƙwari kuwa, jiƙa gora a ruwan boraks kafin a busar ya fi kowane feshi aminci.

Mataki na ƙarshe shi ne rufe launin. Kakin zuma da aka narkar da ɗan man kaɗanya yana yi, in an murza shi da tsumma har ya daina danƙo. Banish ɗin kafintoci ma yana yi in an shafa siriri, domin mai kauri yana fashewa idan baka ya tanƙwara. A Fatakwal, inda baƙar toka ta fara sauka daga sama a 2016, dole a rufe aikin da ƙyalle har ya bushe.

A shagon mai wannan rubutu yanzu akwai igiyar da aka jera guntayen gora a kai, kowane da launin da aka gwada masa. Kafin baka ya fita, yaro yakan goga masa farin tsumma mai ɗan danshi, ya miƙa wa maigida. In tsumman ya fito da ja, bakan ya koma kan katakon shanya.