Tambayar Jama'a ta Wayar Hannu a Kan Lafiya da Ilmi

Sanin kowa ne ba a shirya wa jama'a aikin lafiya ko na ilmi sai an san halin da suke ciki. A dā, in ana son sanin wannan hali, sai a tura ma'aikata da takardu su bi gida gida, su shafe watanni kafin a tattara amsoshi a lissafa. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a shekarar 2001 aka sami wata hanya ta biyu, watau a buga wa mutum waya ko a aika masa da saƙo, ya ba da amsa daga inda yake zaune.

An ga amfanin wannan hanya a shekarar 2020, lokacin annobar korona. A watan Maris aka rufe makarantu, daga baya kuma aka hana zirga-zirga, ba dama ma'aikaci ya shiga gidan kowa. Sai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da taimakon Bankin Duniya, ta fara buga waya ga gidaje 1,950 daga watan Afrilu. Ana tambayarsu ko sun sami magani da suka nema, ko yaran gidan suna yin wani karatu, ta rediyo ko wajen malami, ko kuwa sun zauna haka nan. Wata wata ake komawa ga gidajen nan, don a ga abin da ya sauya. Ba da ka aka zaɓe su ba. Gidaje ne waɗanda ma'aikatan hukumar suka riga suka ziyarta a 2018 da 2019, suka rubuta lambobinsu.

Akwai kuma tambaya ta gajeren saƙo, irin ta shirin U-Report, wanda Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara a Yuganda a 2011, ya kawo Nijeriya a 2014.

Amma fa lalle ne malaman asibiti da shugabannin makarantu su lura da iyakar wannan hanya. Waya ba ta jin muryar wanda ba shi da ita. A ƙauyuka da yawa waya ɗaya ce a gida, tana aljihun maigida, alhali kuwa uwar yara ita ta san ranar da aka yi wa jariri allurar rigakafi, ita ta san wace yarinya ce ta daina zuwa makaranta. Saƙon rubutu kuma sai mai karatu. To, in aka ɗauki amsar masu waya aka ce ita ce ta dukan gunduma, za a zaci lafiya lau ake, a kai magani da littattafai inda ba nan aka fi bukatarsu ba. Saboda haka mai tambaya ya nemi a miƙa wa uwargida wayar, ya yi magana da harshen da aka fi ji a gidan, ya taƙaita tambayoyinsa, domin mutum yakan gaji da doguwar hira a waya. Unguwar da ba ta da sabis kuwa, sai a taka a je.

Ku kuma jama'a, in an kira ku, ku tambayi mai kiran sunansa da hukumar da ta aiko shi. Kuna da ikon ƙin amsawa. In kun yarda, ku faɗi gaskiya, ko da ba ta da daɗin ji. Kada kunya ta sa a ce yaro yana makaranta alhali yana talla. Mai bincike na gaskiya ba ya neman kuɗi, ba ya neman lambar asirin katin banki, ba ya kuma alkawarin wata kyauta in an tura masa wani abu. Wanda duk ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan, ku kashe wayar, ku sanar da bankinku ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.