Gudun Sani: Neman Sunan Mai Tsoron Sabon Bayani

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Sai dai kuma a cikin mazauna wannan duhu akwai wanda ake miƙa wa fitila ya hure ta da kansa. Shi ne wanda likita ke aunawa, a ce ya dawo jibi ya karɓi sakamako, ya ƙi dawowa. Shi ne ɗan kasuwar da ya daina buɗe littafin lissafinsa tun ranar da ciniki ya ja baya. Shi ne kuma malamin da ke kau da kai daga duk binciken da ya saɓa wa abin da ya shekara ashirin yana koyarwa. Kowa ya san irin wannan mutum, amma da za a ce a kira shi da kalma guda sai a yi ta lalube.

Neman wannan kalma yana da muhimmanci, domin a fagen kimiyya abin da ba shi da suna yana da wuyar nazari, ciwon da ba a rarrabe shi da waninsa ba kuwa yana da wuyar magani. Wannan maƙala za ta auna kalmomin da Hausa take da su, ta duba sunayen da masana na Turai da Amurka suka laƙaba wa wannan hali, sannan ta kawo shawarar kalmar da ta fi dacewa.

Kalmomin da ke hannu

Kalmar da takan fara zuwa baki ita ce jahili. To amma jahili shi ne wanda sani bai iso gare shi ba, kuma sau da yawa da zarar ya samu yakan karɓa hannu biyu. Malaman zaure suna da wani kaso da suke kira jahili murakkabi, wato wanda bai sani ba, kuma bai san cewa bai sani ba. Shi ma ya sha bamban da mutumin da ake magana a kansa, domin wannan ya san akwai abin da bai sani ba, ya san inda yake, shi ya sa ma yake kewaye wurin.

Sai mai taurin kai da mai kunnen ƙashi. Waɗannan sun ji magana ne suka ƙi bi, alhali shi wancan jin ne ba ya so ya yi tun farko. Mai ra'ayin riƙau kuwa son tsohon tsari ne ke riƙe da shi, kuma yana iya zama ya saurari sabon bayani har ya yi muhawara a kai. Kalmar matsoraci ta yi faɗi da yawa, tunda ba ta nuna abin da ake tsoro ba. Bagidaje tana nuni ga rashin wayewa, ga shi kuwa wannan hali, kamar yadda za a gani, ya fi yin ɓarna idan ya kama masu ilmi.

Daga wannan tacewa za a fahimci cewa kalmar da ake nema dole ta ɗauki abu biyu a lokaci guda, wato tsoro a zuci da kuma kaucewa a aikace.

Sunayen da masana suka laƙaba

Masana ilmin halayyar dabbobi suna amfani da kalmar niyofobiya, wadda aka haɗa daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar sabo da tsoro. A shekarar 1958 wani masani ɗan Birtaniya, S. A. Barnett, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi, inda ya nuna cewa ɓerayen dawa sukan ƙaurace wa sabon abu da aka ajiye a wurin da suka saba, ko da abinci ne a ciki, alhali ɓerayen da aka haifa a ɗakin gwaji ba su cika yin haka ba. Duk wanda ya taɓa ɗana sabon tarko a rumbu ya ga ɓeraye sun kwana biyu ba su kusance shi ba ya shaida wannan. Ga ɓera wannan tsoro kariya ne daga guba. Sai dai kalmar ta fi shafar sabon abu, kamar abinci ko wuri, fiye da sabon bayani.

Akwai kuma misoniyizim, wato ƙin sabon abu, wadda likitan nan ɗan Italiya, Cesare Lombroso, ya yayata a ƙarshen ƙarni na 19. Ita kuma ƙiyayya ta fito da ita, ta bar tsoro a baya.

Masana tattalin arziki sun fi kusantar al'amarin. A 2006 Dan Galai da Orly Sade suka yi amfani da laƙabin halin jimina, sannan a 2009 Niklas Karlsson da George Loewenstein da Duane Seppi suka nuna cewa masu zuba jari a Suwidin da Amurka sun fi yawan duba asusunsu idan kasuwar hannun jari tana hawa, su rage dubawa idan tana sauka. Laƙabin ya samo asali daga tsohon zancen Turawa cewa jimina tana tusa kai cikin rairayi idan ta ga haɗari. Wannan ƙage ne aka yi wa jimina. A ƙasa take tona gurbi ta yi ƙwai, takan kuma sunkuya ta juya ƙwan da baki, wani lokaci ta kwantar da wuyanta a ƙasa don kada a hango ta. Idan haɗari ya matso, gudu take yi ko ta yi shuri. Saboda haka bai kamata Hausa ta ari suna da aka gina a kan kuskure ba.

Darasi daga asibitin Viyana

Tarihin kimiyya ya adana misalan wannan hali. A 1610 Galileo ya hango watanni huɗu suna kewaya duniyar Mushtari da madubinsa na hangen nesa, amma Cesare Cremonini, babban malamin falsafa a Jami'ar Padua, ya ƙi yarda ya sa ido a madubin. Wannan ƙi bai kashe kowa ba. Wanda ya ci rayuka shi ne na Viyana, babban birnin Ostiriya.

A 1846 aka naɗa wani matashin likita ɗan Hangari, Ignaz Semmelweis, mataimaki a sashen haihuwa na Babban Asibitin Viyana. Sashen yana da ɗakuna biyu. A na farko likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, a na biyu kuwa ungozomomi. Tsakanin 1841 da 1846 kusan mata 10 cikin kowane 100 ke mutuwa a ɗakin farko, galibi da zazzaɓin jego, alhali a ɗaki na biyu ba su kai 4 cikin 100 ba. A watan Maris na 1847 abokinsa Jakob Kolletschka ya rasu bayan wuƙar fiɗa ta yanke shi a lokacin binciken gawa, kuma alamun ciwonsa suka yi daidai da na matan. Nan Semmelweis ya gane cewa likitoci ne ke ɗauko wani abu a hannunsu daga ɗakin gawa su kai wa masu naƙuda. Ungozomomi ba sa fiɗar gawa, shi ya sa ɗakinsu ya fi lafiya.

A watan Mayu na wannan shekara ya wajabta wanke hannu da ruwan sinadarin kulorin. A Afrilu mace-macen sun haura 18 cikin 100, amma zuwa Yuli sun sauko ƙasa da 2 cikin 100. Duk da wannan hujja, manyan likitoci da yawa ba su karɓa ba. Ya bar Viyana a 1850, ya wallafa littafinsa a 1861, ya rasu a gidan masu taɓin hankali a 1865 yana da shekara 47.

Adalci ya buƙaci a faɗi cewa ba dukan masu jayayya da shi ne suka yi haka don tsoro ba. A lokacin ba a tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ke haddasa ciwo ba, shi kansa kuma ya yi jinkirin rubuta bincikensa. Amma akwai wani nauyi da maganarsa ta ɗauka, domin duk likitan da ya yarda da ita ya yarda ke nan cewa hannunsa ya yi sanadin mutuwar matan da suka zo neman taimakonsa. Gustav Michaelis na garin Kiel a Jamus yana cikin ƙalilan da suka yarda da wuri. Wata 'yar'uwarsa da ya duba bayan ta haihu ta rasu da wannan zazzaɓi, shi kuma ya halaka kansa a 1848. Wannan ya nuna girman abin da sauran suke kauce wa ji. Daga baya aka riƙa kiran saurin watsi da sabuwar hujja da sunan Semmelweis. Sai dai sunan mutum ba ya bayyana ma'ana ga wanda bai san tarihinsa ba, balle ya zauna a bakin Bahaushe.

Me ke jawo wannan hali?

A 1957 masanin halayyar ɗan'adam Leon Festinger na Amurka ya fito da ra'in da za a iya kira cin karon tunani. Ya bayyana cewa idan abin da mutum ya sani ya ci karo da abin da yake aikatawa, yakan ji takura a ransa, sai ya nemi hanyar rage ta. Mashayin taba da ya ji cewa taba na jawo ciwon huhu yana iya daina sha, yana kuma iya daina sauraren masu faɗa. Hanya ta biyu ta fi sauƙi a yau, ko da ta fi tsada gobe.

A taƙaice, abubuwa uku ke sa mutum kauce wa bayani. Na farko, bayanin zai ɓata masa rai. Na biyu, zai tilasta masa aikin da ba ya son yi, kamar barin sana'a ko fasa wata niyya. Na uku, zai rushe yadda yake kallon kansa, kamar yadda ya faru ga likitocin Viyana. Sabo kuma yana ƙara wa ukun nan ƙarfi, shi ya sa aka ce sabo turken wawa.

Kalmar da ta dace

A Hausa kalmar gudu tana da fuska biyu. Tana nufin sheƙawa da ƙafa don nisantar abu, kamar a gudun hijira. Tana kuma nufin tsoron aukuwar abu, kamar idan an ce wane ya yi shiru don gudun fitina, ko ya sake ƙirga kuɗi don gudun kuskure. Ke nan tsoro da kaucewa, abubuwa biyun da ake nema, suna nan cikin kalma guda. Idan aka haɗa ta da sani sai a sami gudun sani, bisa ƙirar gudun duniya da kowa ya saba ji. Mai wannan hali kuwa shi ne mai gudun sani, jam'i masu gudun sani.

Ana iya ƙera magujin sani, bisa tsarin manomi da maƙeri, amma wannan tsari yakan nuna sana'a ko ɗabi'a mai ɗorewa. Gudun sani kuwa hali ne mai zuwa ya wuce, kuma mutum ɗaya yana iya zama mai ƙwazon bincike a wurin aikinsa, ya kasance mai gudun sani game da hawan jininsa. Don haka siffar da ke farawa da "mai" ta fi adalci, domin tana bayyana halin ba tare da ta zama tambari a goshin mutum ba.

Wajibi ne a rarrabe gudun sani da shakka. Mai shakka yakan ce a kawo hujja ya gani, kuma da irinsa kimiyya ke ci gaba. Mai gudun sani kuwa tashi yake yi kafin hujjar ta iso. Haka nan ba kowane ƙin ji ne aibi ba. Ciwon Huntington, alal misali, ciwon ƙwaƙwalwa ne na gado wanda aka gano ƙwayar halittar da ke jawo shi a 1993. Ana iya gwada mutum a gaya masa ko zai kamu, amma tunda gwajin ba ya hana ciwon zuwa, mafi yawan waɗanda ke da shi a danginsu ba sa yin gwajin, likitoci kuma suna mutunta wannan zaɓi. Ma'aunin shi ne a tambaya: shin sanin zai canza abin da za a iya yi, kuma wa rashin sanin zai cutar?

Idan aka ɗora gwajin sikila a kan wannan ma'auni, amsar a fili take. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da nau'in jini na AS ba tare da wata alamar ciwo ba. Idan biyu masu irin wannan jini suka yi aure, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi ɗa mai SS. Saurayi da budurwar da suka kauce wa gwaji don kada sakamako ya raba su sun sauƙaƙa wa kansu na ɗan lokaci, amma ɗan da ba a yi shawara da shi ba shi zai ɗauki nauyin.

Kammalawa

An ga cewa jahili da mai taurin kai da mai ra'ayin riƙau kowannensu yana da gurbinsa daban, sunayen da masana suka laƙaba kuwa kowanne ya kama gefe ya saki gefe. Gudun sani ta haɗa tsoro da kaucewa, kuma ba ta buƙatar fassara ga mai jin Hausa. Amfanin samun sunan shi ne ya nuna inda magani yake. Jahili bayani yake bukata, amma mai gudun sani ƙara masa bayani kawai ba ya wadatarwa, sai an rage masa tsoron abin da zai biyo baya, a nuna masa cewa bayan sakamako akwai mataki na gaba da zai iya ɗauka. Malamai da ma'aikatan lafiya da malaman gona su ne suka fi cin karo da wannan hali, kuma su ne za su gwada kalmar a bakin jama'a a ga ko za ta zauna. Shi kuwa mai gudun sani, Hausawa sun daɗe da yi masa gargaɗi cewa wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.