Yaron Ya Tasa, Ku Koya Masa Kare Kansa

'Ya'yana, ku da Allah Ya ba amanar yaro mai lalurar galahanga, na san abin da ya sa kuke danna sakata a ƙofar gida. Tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2012 ya nuna kusan rabin irin waɗannan yara sun taɓa yunƙurin sulalewa ba da sanin kowa ba. Faɗawa ruwa kuwa na cikin abubuwan da suka fi halaka su idan sun fice. Mu nan ga rijiya, ga kududdufi, balle da damina. Sai dai sakata ɗan shekara 5 take tsarewa. Ɗan shekara 15 hannunsa ya kai, wata rana kuma zai fita ba kwa kusa.

To sai koyarwa, kuma ba da baki kaɗai ba. Ku faɗa masa a taƙaice, ku yi ya gani, shi ma ya yi, ku gyara masa cikin sanyin murya. "Yi hankali" ba ta gaya masa abin da zai yi ba. Ku ce, "Tsaya a bakin kwalta. Dubi hagu, dubi dama, sake duban hagu." Da yawansu abin da suka koya a wuri ɗaya ba ya bin su zuwa wani wurin. Wanda ya iya tsallaka titin unguwa na iya rikicewa a bakin kasuwa, inda hayaniya da odar a-daidaita-sahu za su sa ya toshe kunne ya ruga. Ku kai shi can ma, ku maimaita har ya zauna masa. Haka za ku yi da tukunyar gas da wayar lantarki.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar biyayya. Mun taso ana cewa babba ya kira ka ka je, ya aike ka ka tafi. Tarbiyya ce mai kyau, amma yaron nan yana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, bai san doka tana da togaciya ba sai an nuna masa. Mugu kuwa ya san haka sarai. Ku koya masa, ita ma yarinya haka, cewa akwai sassan jiki da ba wanda zai taɓa, sai mai magani, shi ma a gabanku. Ku kira sassan da sunayensu, kada kunya ta hana ku, domin wanda bai san sunan wuri ba ta yaya zai kawo ƙara? Ya koyi cewa "A'a" da ƙarfi, ya bar wurin, ya zo ya gaya muku, ko da mutumin ɗan uwa ne, ko da ya ce sirri ne. Ranar da ya ƙi miƙa wa baƙo hannu, kada ku tsawata masa a gaban mutane. Abin da kuka shuka ne ya fara tsirowa.

Sannan ku daina ɓoye shi. Saurayin da aka yi wa tambaya ya yi shiru ko ya gudu, a take wani zai iya yi masa ihun ɓarawo, kun kuwa san abin da ke biyo baya. Ku gabatar da shi ga mai unguwa da liman da 'yan sintiri da mai shagon bakin layi, su san fuskarsa, su san ba a cafkarsa ko daka masa tsawa. Ku sa masa kati a aljihu mai ɗauke da sunansa da lambar wayarku. In maganarsa ba ta fita sosai, ku koya masa ciro katin ya miƙa, ku gwada da wani maƙwabcin da bai saba da shi ba, ku kuma kuna tsaye daga nesa kuna kallo.